Sholay ya sa ka barci, KGF ya sa wa Baba ciwon kai, to wa ke da gaskiya?

Wani ƙanena ne ya turo min tambaya, ya ce shi fa abu ya ɗaure masa kai. Mahaifinsu ya daɗe yana ba su labarin Sholay, duk sanda aka kunna fim ɗin Indiya a gidan sai ya ce ai ku ba ku ga fim ba, to ran nan sai ya sauke shi a waya ya ce bari dai ya ga abin da ake ta zuzutawa, ko awa ɗaya bai yi ba barci ya kwashe shi. Washegari shi kuma ya kunna wa Baban KGF na biyu a talabijin ɗin falo, Baba ya yi kamar minti 20 ya miƙe ya ce kansa ke ciwo, wannan ba fim ba ne hayaniya ce. Ya ce shi kam ya ji daɗin KGF ɗin sosai, amma tsakani da Allah bayan sati biyu in ka ce ya ba ka labarin ba zai iya ba. Tambayarsa ita ce, tsofaffin finafinan nan sun fi na yanzu ne da gaske ko kuwa dattawa ne kawai ke kewar ƙuruciyarsu?

To ƙanena ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ni sana'ata tace fim ce, editin, tun zamanin kaset nake yi, lokacin da muke jera bidiyo biyu ɗaya na kunnawa ɗaya na ɗauka, in ka yi kuskure a minti na 10 kuma ba ka gane ba sai a minti na 40 to sai dai ka koma ka sake tun daga can. Saboda tambayar nan taka na zauna a satin da ya wuce na sake kallon Sholay daga farko har ƙarshe, na bi shi da KGF ɗin, na ƙara da RRR da wani ɗan ƙaramin fim Laapataa Ladies, sannan na tono wasu tsofaffin namu na Hausa. Maman yara har tana tambayata ko an kore ni daga aiki ne.

Maganar kewar ƙuruciya akwai ta, bari mu sallame ta da wuri. Wanda ya kalli fim yana ɗan shekara 17, ya saci jiki daga gida bayan isha, kuɗin tikitin ma da ƙyar ya haɗa, ai ba fim ɗin kaɗai yake tunawa ba, yana tuna kansa ne da abokansa waɗanda wasu ma sun riga mu gidan gaskiya. Sannan Indiya tana fitar da ɗaruruwan finafinai duk shekara tun a wancan lokacin, Baba guda nawa yake ambata? Bai fi goma ba. Sauran tarkacen an manta da su, kuma wallahi akwai tarkace, na kalli wasu na shekarun 1980 da ko a kyauta ba zan maimaita ba. Ka ga kenan ana gwada zakarun da ne da duk abin da ya fito bana, wannan gwajin ba adalci a cikinsa. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Barcin da ka yi da ciwon kan da Baba ya yi duka suna da dalili guda, kuma dalilin a teburin edita yake.

Ka ɗauki kowane fim ka riƙa ƙirgawa a ranka duk sanda hoto ya canza daga wannan kusurwa zuwa waccan, abin da muke ce wa kot. Masu nazarin fim a Amurka sun yi wannan lissafin, finafinansu na shekarun 1930 zuwa 1950 hoto ɗaya yakan zauna wajen sakan 8 zuwa 11 kafin a yanka, na yanzu ya dawo sakan 3 zuwa 4, na faɗa ma har ƙasa da haka. Indiya ma hanyar ta bi. Dalili na farko na aiki ne zalla, da can fim abu ne da ake riƙewa a hannu, zare ne mai hoto 24 a kowane sakan, ƙafa 1000 nasa minti 11 kacal yake ba ka kuma da tsada, in edita zai yi kot sai ya sa reza ya yanke ya liƙa da salatif, saboda haka kafin ya yanka sai ya tambayi kansa me ya sa zan yanka a nan. Ni yanzu a kwamfuta ina iya yin kot 50 kafin shayina ya huce, in bai yi ba in danna maɓalli biyu komai ya dawo. Abin da ya yi arha kuwa ka san yadda ake yi da shi. Idon Baba ya saba a ba shi hoto ya zauna ya duba fuska ya duba bayan fuska, idonka ya saba kafin ya gama ganin wannan an miƙo masa wani. Shi KGF ya yi masa kamar ana haska masa tocila a ido ana kashewa, kai kuma Sholay ya yi maka kamar layin banki.

Yanzu bari in nuna maka abin da ake saya da wannan jinkirin, don ba banza ake yinsa ba. Bos ɗin Sholay, Gabbar, wanda Amjad Khan ya fito a matsayinsa, sai an ci kusan awa guda ba ka ga fuskarsa ba, sunansa kawai kake ji a bakin mutanen ƙauye, ana faɗa ana rage murya. Kai a nan ka yi barci, wato daidai ana gab da sauke tukunya ka tashi daga gindin murhu. Da zai fito ma ba fuskarsa ake fara nunawa ba, takalmansa ne a kan duwatsu yana kai gwauro yana kai mari, ƙarar takunsa kawai kake ji, yaransa uku da suka gudo daga ƙauye suna tsaye sun sunkuyar da kai. Ya tambaye su mutum nawa ne suka kore su, suka ce biyu. Ya karɓi bindiga mai cin harsashi 6, ya harba 3 a sama, ya juya ta yadda shi kansa bai san inda sauran suke ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗora musu a ka yana dannawa, duka ukun ba wanda ta tashi a kansa. Sai ya fara dariya, a hankali, yaran da ke kan duwatsu suka kama, su ukun ma da suka ga kamar sun tsira suka kama dariya, dariyar ta yi tsawo har kai mai kallo ka fara sakin jiki. Sannan ya juyo ya harbe su. Na kalli wannan sin ɗin, wato wannan wurin na fim ɗin, ya fi sau 30 a rayuwata kuma a satin nan ma sai da cikina ya ɗuri ruwa. In ka ba wa editan yau wannan sin ɗin, dariyar nan ita zai fara ragewa ya ce ta yi yawa, alhali ita ce sin ɗin gaba ɗaya.

Akwai wanda ya fi wannan ma a wajena, inda Gabbar ya tsere daga kurkuku ya zo ya kashe iyalan Thakur, tsohon ɗan sandan da ya kama shi. Babu kiɗa. Ƙarar harbi daga nesa, mutum ya faɗi, sai iska, sai wani lilo da ke tsakar gida yana ta ƙara ƙiii ƙiii ba kowa a kai. Aka bar ɗan ƙaramin yaro jikan gidan shi kaɗai a tsaye, Gabbar ya gangaro a kan doki a hankali ba ya sauri, ya tsaya a gabansa ya saita bindiga. Kana jiran ƙarar harbi sai edita ya yanka zuwa jirgin ƙasa yana fesar da tururi a tasha, ga Thakur yana saukowa da tsarabar da ya sayo wa mutanen gida. Ba a nuna maka an harbi yaron ba, kai ne ka harbe shi a cikin kanka, shi ya sa ba ya fita. Editan sunansa M. S. Shinde, kuma abin mamaki duk girman Sholay kyautar Filmfare, wato gasar finafinan Indiya, guda ɗaya tak ya samu a shekararsa, ita ce ta editin. Ni dai duk yaron da ya zo koyon aiki wajena wannan kot ɗin nake fara nuna masa. Gaskiya kuma a faɗe ta, salon sin ɗin sun ɗauko shi ne daga finafinan kaboyi na Sergio Leone ɗan Italiya, shi kuma ginshiƙin labarin na ƙauye ya ɗauko hayar mayaƙa su kare shi daga 'yan fashi ya samo asali tun daga Seven Samurai na Japan na 1954. Saboda haka in Baba ya ce na da ba sa kwaikwayo, ka yi murmushi kawai kar ka yi musu da shi.

Sai kuma wurare masu sanyi waɗanda a waya ba za su taɓa kama ka ba. Bazawarar gidan Thakur, wadda Jaya Bhaduri ta fito a matsayinta, cikin fararen kaya tana bin fitilun baranda tana rage su ɗaya bayan ɗaya da magariba, Amitabh Bachchan yana zaune a ƙasa can yana busa ɗan abin busarsa na baki, ba wanda ya ce da wani uffan, soyayyarsu kaf a fim ɗin kusan a haka ta ƙare. Da kuma limamin ƙauyen, tsoho makaho, da aka kashe ɗansa aka ɗoro gawar a kan doki, jama'a sun taru sun yi tsit, shi kuma ya fito yana lalube yana tambayar me ya sa garin ya yi shiru haka. Ana cikin haka aka kira salla ya juya ya nufi masallaci. Ka tambayi Baba wannan wurin, na tabbata yana tune da shi, don mutanenmu a nan suke ganin kamar a ƙauyensu abin ya faru.

To KGF fa? Kar ka ɗauka zan zage shi, aiki ne na ƙwararru kuma sun san abin da suke yi. Fim ɗin harshen Kannada ne daga jihar Karnataka ta Indiya, na biyun ya fito a 2022, Prashanth Neel ya ba da umarni, Yash ne jarumin, ga Sanjay Dutt wanda iyayenku ke kira ɗan daba mai lasin. Abin dariya ma duwatsun da aka ɗauki Sholay a Ramanagara suke, a wannan jihar dai ta Karnataka. Wanda ya tace KGF na biyu, Ujwal Kulkarni, yana ɗan shekara 19 aka ba shi aikin, kuma an gano shi ne ta 'yan gajerun bidiyo da yake haɗawa na masoya fim yana sakawa a intanet. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka komai, fim ne da ɗan zamanin waya ya yanka wa 'yan zamanin waya. Ka tuna tseren motocin nan da allo ke yin baƙi ƙirin ya dawo, ya sake yin baƙi ya dawo? Dabara ce mai kyau, na yaba, ina jin kuma daidai nan ne kan Baba ya fara sarawa. Matsalata da fim ɗin ita ce kusan kowane sin an gina shi ne kamar shi ne ƙololuwa. Jarumi zai shigo, a rage gudun hoto, kiɗa ya tashi kamar za a tsaga sifika, wani a gefe yana ba da labarin irin bala'in da jarumin yake, a yanka zuwa fuskoki goma suna zare ido. Minti biyar a sake. Wurin da ya ɓarke ofishin 'yan sanda da ƙatuwar bindiga ya kunna sigari da bakinta da ya yi ja, na ji daɗinsa ni ma, har na ce kai! Amma in miya ta zama yaji zalla daga loma ta farko zuwa ta ƙarshe, harshe mutuwa yake, bayan sati biyu ka san dai ka sha yaji amma ba za ka iya cewa kuka ce ko kuɓewa ba. Abin da ya same ka kenan. Ƙwaƙwalwa tana riƙe abu ne in akwai shiru a gabansa da bayansa, KGF kuwa ko sakan biyar na shiru rowarsa yake.

Wani abin da ba ka da shi a ɗakinka kuma shi ne jama'a. Sholay ya fito ran 15 ga Agusta 1975, Ramesh Sippy ya yi shi don ƙaton allo, a zaren fim mai faɗin milimita 70, ya shekara biyar ana nuna shi a silima ɗaya a Bombay mai suna Minerva. A nan Kano kuwa su Baba a gidajen silima irin su Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba suke kallo, yawanci filin Allah ne ba rufi, sai duhu ya yi ake kunna majigi, 'yan Labanan ne suka fara shigo da finafinan Indiya tun shekarun 1950 suka ga sun karɓu fiye da na Turawa. Ɗaruruwan mutane a zaune, akasari ba mai jin Indiyanci, amma kowa ya san me ake ciki don an kalla sau biyar sau shida, Dharmendra na fitowa wuri ya kaure da ihun sarkin ƙarfi, in bos ya mari tsohuwa ka ji ana Allah ya isa daga kujerun baya. To irin wannan fim dole a bar masa sarari, in jarumi ya faɗi magana mai nauyi sai an ba jama'a sakan biyar shida su yi shewa su lafa kafin a faɗi ta gaba, in ba haka ba ta gaban ta ɓace a cikin ihu. Wannan sararin da aka bar wa mutum 500 shi ne kai kaɗai ka zauna a cikinsa a kan katifa da waya a hannu, saƙon WhatsApp na leƙowa ta sama, ga fanka na kaɗawa. Ai dole ka yi barci, ni ma da haka na fara ganinsa da na yi.

Kuma kar in yi maka ƙarya, awar farkon Sholay tana da kitse. Shugaban gidan yarin nan mai gashin baki irin na Hitila, da mai sayar da itacen nan mai cika baki, a wancan lokacin mutane na faɗuwa don dariya, ni a satin nan ko murmushi ban yi ba, na ƙosa su wuce. Fim ne na sama da awa 3, an yi shi ne don wanda ya biya kuɗinsa yana so a cika masa mudu, a ba shi faɗa da waƙa da barkwanci da kuka duk a tikiti ɗaya, kuma a tsakiya akwai hutu da ake tashi a sha iska a sayi gyaɗa. Ba a gina shi don a shanye a zama ɗaya ba.

Abin da ya tabbatar min cewa maganar ba ta tsoho da sabo ba ce shi ne RRR. Shekararsu ɗaya da KGF na biyu, 2022, shi na harshen Telugu ne, S. S. Rajamouli ya yi shi, shi ma ya haura awa 3, ga aikin kwamfuta kamar ba gobe, damisa da kerkeci da barewa duk na kwamfuta ne. Amma ƙashin bayansa na tsohon fim ne sak. Ya fara da yarinya 'yar ƙabilar daji da matar gwamna Bature ta ɗauke, aka jefa wa uwar 'yan sulalla, uwar ta ɗauka tukuicin waƙa ne ashe kuɗin 'yarta ne. Ya ɗauki lokaci ya nuna maka jarumi na farko shi kaɗai a cikin dubban masu zanga-zanga, ya ɗauki lokaci ya nuna na biyu da damisa, sai da aka yi nisa sosai sannan ya haɗa su a kan gada wajen ceton yaro, sannan ma sunan fim ya fito. Kuma a faɗansa kullum ka san wa ke dama wa ke hagu, wa ya kai duka wa ya karɓa, kyamara tana ja baya ta bar ka ka gani. Rawar nan da waƙarta ta ci kyautar Oscar a 2023, wadda aka ɗauka a gaban fadar shugaban Yukren a Kiyef kafin yaƙi, ka lura yadda ake nuna su tun daga kai har ƙafa ana barin hoton ya zauna, don ka yarda su ne ke yin rawar ba edita ba. Abota tsakanin maza biyu, ɗaya na ɓoye wa ɗaya sirri, ai Baba ya san wannan miyar. Ka kunna masa RRR, in ya tashi a minti 20 ni na biya maka datar.

Shi kuwa Laapataa Ladies na Kiran Rao ba faɗa ba bos na kirki, amare biyu ne masu lulluɓi iri ɗaya aka yi musayarsu a jirgin ƙasa, ango ya ja hannun matar wani ya kai gida, tasa kuma aka bar ta a tasha ba ta ma san sunan ƙauyen mijin ba. Akwai wata tsohuwa mai sayar da shayi a tashar, mai faɗan tsiya, da ta riƙe yarinyar, tun farko an nuna ba ta cin kayan zaƙi don a ganinta ba abin murna a rayuwarta. Can ƙarshe da labari ya zo cewa yarinyar ta isa lafiya, ba ta ce komai ba, ta zauna ta ɗauki ɗan alawar madarar da yarinyar ta yi ta sa a baki. Shi kenan. Ni da gemuna sai da na share ido. Wannan fim ɗin 2024 aka sake shi a silima, saboda haka masu iya jira ba su ƙare ba.

Da na juyo kan namu na gida kuwa sai jikina ya yi sanyi ta wata fuskar. Na sake kallon wasu na zamanin Sangaya da Wasila, wajen 1999 zuwa 2000, lokacin da kaset ke fita daga Ƙofar Wambai da Bata kamar ana rabon zakka. Hoto ya dushe, murya wani lokaci ta riga baki, kiɗan duk daga fiyano ɗaya ƙirar Yamaha, fitila ɗaya ce ake haska kowa da ita har inuwar mutum ta fi shi girma a bango. Amma labarin yana tafiya, kaset ɗaya ko biyu an gama, don kaset yana da iyaka dole ka zaɓi abin da za ka saka. Yanzu kyamarorinmu sun yi kyau ƙwarai, har da mai tashi sama, ga sauti garau, sai muka faɗa zamanin fim mai dogon zango a YouTube da tashoshi, inda yawan mintuna da yawan fitowa duk sati shi ne kuɗi. To sai ka ga mota ta taho, an yi hon, maigadi ya fito da gudu, ya buɗe ƙyaure ɗaya, ya buɗe na biyu, mota ta shiga, ta yi fakin, Alhaji ya buɗe ƙofa, ya sauko ƙafa ɗaya, ya gyara babbar riga, minti biyu sun tafi ba abin da ya faru. Kar ka haɗa wannan da jinkirin Sholay don Allah. Dariyar Gabbar tana da harsashi a ƙarshenta, buɗe get ɗin nan ba komai a ƙarshensa sai sallama da sannu da zuwa Alhaji. Ba duka ba ne, akwai masu dogon zangon da marubutansu suka san aikinsu, amma cutar ta yaɗu.

Ni kaina na taɓa tace wani sin da aka zo gaya wa uwa ɗanta ya rasu a hanya. Jarumar, babbar mace ce da ta daɗe a harkar, tana tankaɗen gari aka faɗa mata, ba ta yi ihu ba, ta ci gaba da tankaɗen kamar ba ta ji ba, hannun yana rage sauri yana rage sauri har ya tsaya, wajen sakan 15, sannan ta ce inna lillahi a hankali. Na bar shi yadda yake ko kiɗa ban sa ba, sai kukan kaji a tsakar gida. Furodusa ya zo ya gani ya ce Malam wannan ai mutane za su ɗauka sautin ne ya lalace, a yanke a sa kiɗan tausayi, a ɗauko inda ta faɗi tana birgima a ɗauka ta biyu. Mai kuɗi shi ke da fim, na yi yadda ya ce. Amma na ajiye nawa a wani faifai, har yau in na buɗe sai tsigar jikina ta tashi, wanda ya fita kasuwa kuwa ko ni ban sake kallonsa ba. Kuma mutumin nan a mako guda ya sa ni na bar shigowar mota get har sau uku.

Akwai kuma abin da ba laifin fim ba ne, laifin kwafin da ka samu ne. Yawancin Sholay da ke yawo a waya an yanke gefe da gefensa don ya cika allo, fim ɗin da aka tsara mutum ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan ƙarshe da duwatsu a tsakani sai ka ga rabin fuska, launin ma ya koɗe ya koma ja-ja don haka tsohon zaren fim yake yi in ya daɗe. In kuma mai fassarar Hausa ka samu, ni ina son fassara tana sa ni nishaɗi kuma ta kai fim inda da ba zai je ba, amma mai fassara ba ya son shiru, duk inda aka yi tsit sai ya cusa zance ko barkwanci, ka ga sin ɗin lilon nan in aka yi magana a kansa ai an kashe shi. A 2025 da fim ɗin ya cika shekara 50 an gyara shi tas aka nuna a wani dandali a birnin Bolonya na Italiya, a fili ba rufi kamar dai yadda su Baba suka gan shi, har da asalin ƙarshensa inda Thakur ke kashe Gabbar da kansa, wanda hukumar tace finafinai ta Indiya ta hana a 1975 zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, ta sa aka canza 'yan sanda suka zo suka kama shi. In ka samu wannan gyararren shi ne.

Hukuncina dai in ka matsa min, tsakanin waɗannan biyun Sholay ya fi KGF, ba don ya tsufa ba, don ya san inda zai yi gudu da inda zai tsaya, kuma na fi shekara 30 ina ɗauke da wasu hotunansa a kaina alhali KGF da na kalla ran Laraba har ya fara zubewa. Amma RRR zai zauna kusa da shi ba kunya, kuma akwai finafinan zamanin Baba da yawa da KGF ya fi su nesa ba kusa ba.

Ka sake gwadawa amma ba a waya ba. Ka sa a talabijin bayan isha, ka shiga saitin hoto ka kashe abin nan da ke sa motsi ya yi santsi kamar wasan ƙwallo, ka kife wayar a wani ɗakin, ka kira ƙannenka da duk wanda ke gidan. In an zo wurin shugaban gidan yari ka daure, ko ka tashi ka dafa shayi ba ka rasa komai ba. In an kai rabi ku tsaya ku ƙarasa gobe. Kuma ka tabbata Baba na zaune, in ka ji ya fara faɗin maganar Gabbar da Indiyancinsa na Fagge tun kafin Gabbar ya buɗe baki kar ka ce masa ya yi shiru, a Plaza ma haka suke yi.